Wane lauya zai karɓo mini cikon kuɗin riɗina?

Tambaya: Ina sana'ar riɗi a kasuwar Dawanau. Na loda wa wani kamfani a Legas tirela biyu, suka biya rabin kuɗi, suka riƙe ciko wai kayan da ƙasa a ciki. A takardar da muka sa wa hannu an rubuta cewa idan saɓani ya taso, gaban mai raba gardama za a je, ba kotu ba. Wane irin lauya zan nema?

Amsa: Alhaji, Allah ya fito maka da haƙƙinka. Ka nemi lauyan da ya saba zaman sasanci, ba wanda ya yi suna da zafin baki a gaban alƙali ba. Kai kuɗinka kake so su dawo jari kafin kaka ta zagayo, kuma mai yiwuwa gobe ka sake cin kasuwa da mutanen nan. Duk lauyan da ya ce "mu maka su kotu" tun bai karanta takardarku ba, ka yi masa godiya ka tashi. Tunda kun amince da mai raba gardama a rubuce, kamfanin na iya roƙon kotu ta dakatar da ƙarar, kuɗin shigarwa kuma sun tafi a banza.

Hanyoyin sasanci biyu ne, sulhu da zuwa gaban mai raba gardama, kuma dokar sasanci da aka sa wa hannu a watan Mayun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1988, ta tanadi dukansu. A sulhu, mai shiga tsakani ba ya yanke hukunci, ku ne za ku daidaita, sai dai da zarar an rubuta an sa hannu, yarjejeniyar ta hau kanku, kotu na iya tilasta a cika ta. Mai raba gardama kuwa hukunci yake yankewa, ba a ɗaukaka ƙara a kansa don kawai bai yi maka daɗi ba. Dalilan soke shi ƙalilan ne, wa'adin neman hakan kuma wata uku. Wannan ne ya sa nake jin tsoron lauyan da zai koyi aikin a kan kuɗinka.

Wajen nema, ka fara da shugabannin kasuwarku, su suka san wanda ya taɓa karɓo wa ɗan kasuwa haƙƙinsa daga Kudu. Ka kuma leƙa cibiyar sasanci da ke ƙarƙashin Babbar Kotun Jihar Kano, wadda take aiki tun 2009, ka ji ta bakin ma'aikatanta. Ofishin ƙungiyar lauyoyi ta NBA reshen Kano zai taimaka maka ka tabbatar mutumin lauya ne na gaske. Ka duba hatimin ƙungiyar a kan takardun da yake rubutawa.

Idan kun zauna, ka tambaye shi kai tsaye: zaman sasanci nawa ya yi a kan cinikin kayan gona? Ya yi horo a CIArb ko ICMC, wato cibiyoyin da ke horar da masu raba gardama da masu shiga tsakani? Ya taɓa yi wa kamfanin nan aiki, ko wani nasa? Kada kunya ta hana ka wannan ta ƙarshen. Sannan ka saurari irin tambayoyin da shi zai yi maka. Gwani zai nemi takardar awo, da ta lodi, da shaidar kuɗin da suka shigo banki, da saƙonnin WhatsApp, ya kuma tambaya ko an gwada kayan kafin mota ta tashi, da garin da takarda ta ce a zauna. Idan Legas ne, kuɗin mota da masauki sun shiga lissafi.

Maganar ladansa a yi ta a rubuce tun farko: nawa ne, me ya ƙunsa, yaushe za a biya. Ladan mai raba gardama daban yake, galibi ɓangarorin biyu ke ajiye shi. Ka sa ya ƙiyasta maka jimillar, ka auna ta da cikon da kake bi. Idan ta kusa cinye shi, ka umarce shi ya rubuta wa kamfanin wasiƙar neman zaman sulhu a makon nan, kuma ka faɗa masa mafi ƙarancin abin da za ka karɓa kafin ku shiga ɗakin.