Amsa ga 'yar'uwar da dangin miji suka karɓe wa gona

Ƙanwata, sannu da rashi. Ubangiji ya ta'azantar da ke da yaran. Tun daren jiya na ga tambayarki, na rubuta na goge ya fi sau uku, domin kamar rayuwata kika leƙa kika rubuto. Kin ce wata 2 da rasuwar maigidanki 'yan'uwansa suka karɓe gona da babur, da kika buɗe baki aka ce miki mai bi ba ya jayayya a kan kayan duniya, ki ɗauki gicciyenki kawai. Kina tambaya ko zunubi ne ki nemi hakkin yaranki, kuma yaya za ki yi da zuciyar da ta ƙi yin sanyi.

Ni nawa ko wata ɗaya bai kai ba. Kwana 9 da binne shi, ba a ma gama naɗe tabarmin makoki ba, yayansa ya shigo da ƙannensu biyu ya ce in ba shi mabuɗin ɗakin hatsi. Na ɗauka masara za su ɗiba saboda masu zuwa gaisuwa. Na kwance mabuɗin daga bakin zanena na miƙa masa da hannu biyu, har da rusunawa. Wannan rusunawar ce take cina har yau. Kafin rana ta faɗi buhu 14 sun bar gidan, tare da injin niƙan da na saya da kuɗin adashina na shekara biyu. Hujjarsu kuwa wai mata uku na haifa, mace gidan wani za ta, ba za a bar dukiyar gidansu ta bi bare ba. Ƙaramar tana goye a bayana a lokacin.

Abin da bai bar ni na yi barci ba shi ne, mutumin nan dattijon ikilisiya ne. Lahadin farko da na koma sujada ranar Jibin Ubangiji ce, kuma layinmu aka ba shi. Ya iso gabana da farantin gurasa, ya miƙo, sai ga agogon mijina a hannunsa. Na san shi, akwai 'yar tsaga a gefen gilashin tun ranar da ya faɗi a kan babur. Hannuna ya ƙi ɗaguwa. Ya tsaya kaɗan, ya wuce, fuskar nan tasa kamar ta mala'ika. Kafin a tashi magana ta zagaya cewa na ƙi cin Jibi, lalle akwai abin da na sani game da mutuwar mijina. Matarsa kuma ita ce mai ba da waƙa a Zumuntar matan ikilisiya, ranar Talata ta ɗauko waƙar haƙuri tana kallona. Shekara 11 ke nan, amma in na rufe ido ina ganin agogon nan.

An karanta mini 1 Bitrus sura 2 har na ji ba na son jin sunan Bitrus. Kowa ya zo sai ya buɗe aya 19 da 20, cewa abin yabo ne mutum ya jimre wahalar da bai cancanta ba saboda Allah. Gaskiya ne, ban musa ba. Amma masu karanta mini ba wanda ya je ya karanta wa yayan mijina Fitowa 22:22-23, inda Allah ya hana a wulaƙanta gwauruwa da maraya, ya ce in suka yi kuka zai ji. Kullum wanda aka taka ake yi wa wa'azi.

Sai daga baya, da na zauna ni kaɗai da Littafi, na lura da aya 23 ta 1 Bitrus sura 2 ɗin nan. Abin da aka faɗa a kan Yesu shi ne da aka zage shi bai rama ba, da ya sha wuya bai yi kashedi ba, ya danƙa al'amarinsa ga mai shari'ar gaskiya. Ramuwa ce bai yi ba. Amma da ɗan sandan Haikali ya mare shi a gaban babban firist ai ya yi magana, ya ce in ya faɗi mugun abu a nuna, in kuwa daidai ya faɗa don me aka mare shi. Duba Yahaya 18:23. Bulus ma da aka yi masa bulala a Filibi ba tare da shari'a ba, washegari aka ce ya fita a ɓoye ya ƙi, ya ce sai mahukuntan sun zo da kansu sun fitar da shi. Ke da kike da 'ya mace, karanta Littafin Ƙidaya sura 27. 'Ya'yan Zelofehad mata biyar suka tsaya gaban Musa suka nemi gādon ubansu, Ubangiji ya ce suna da gaskiya. Ranar da na ga wannan na yi kuka kamar ranar jana'iza.

Saboda haka ki yi magana, ba zunubi ba ne. Ki kai maganar gaban ikilisiya yadda Matiyu 18 ya tsara, wato wurin dattawa, amma kada ki je ke kaɗai, kuma ki roƙi Baba Fasto kada dangin wanda kike ƙara su zauna cikin masu sauraro. Ni da aka yi zaman, mutumin yana kan bencin dattawa ni ina ƙasa. Za a jefo miki 1 Korintiyawa 6 a kan zuwa kotu. Ki amsa da ladabi cewa wurin ya ɗora wa ikilisiya nauyin raba gardama da gaskiya ne, to su raba. In sun kasa, ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA tana taimakon irinmu, kuma tun 2014 Kotun Ƙolin Najeriya ta yanke cewa al'adar hana 'ya mace gādon ubanta ta saɓa wa tsarin mulki. Da na san wannan da wuri da tamu gonar ma ba ta tafi ba. Injin kaɗai aka dawo mini da shi, shi ma sun cinye dutsensa.

Zuciya kuwa, ba zan yi miki ƙarya ba. Na yi shekara guda ina addu'ar wuta ta sauka a gidan yayan mijina. Wata ta kai ni wurin wani mai addu'a da ya ce in kawo gishiri da hoton mutumin, na kai har bakin ƙofa na juyo. Kada ki je irin wuraren nan, kuɗinki za su ci su bar ki da ƙiyayya. Hawan jinin da nake shan maganinsa yau a shekarar na same shi. Abin da ya riƙe ni Zabura 13 ce, "har yaushe" ɗin nan, ina faɗa da ƙarfi ina niƙa wa mutane hatsi, ƙarar inji ta rufe muryata. Gafara kuma ba rana ɗaya ta zo mini ba. Da ya kwanta ciwo bara waccan na dafa kunu na aika babbar 'yata ta kai, ni ban iya zuwa ba. Bai taɓa cewa in yi haƙuri ba har ya mutu. Na je jana'izar, na zauna a baya.

Wani abu kuma, kada ki zagi baffanninsu a gaban yaran. Na yi, ta tsakiyar ta ɗauka, yau ko gaisuwa ba ta yi da kowa a gidan ubanta, har bikinta ta ce kada a kai musu kati. Wannan laifina ne.

Takardun babur ɗin suna hannunki? In da rasit ko takardar sayen gona, yau ɗin nan ki fitar da su daga gidan ki kai wa wadda kika amince da ita. Kuma ki ci abinci, na san ba kya ci. Ki turo mini saƙo ta gefe in kin ga wannan.