Kafin ka ce sabon injin finbol yana da kyau

Ɗana, na ga saƙonka. Ka ce mai gidan abincin nan da muke duba wa injina ya aike ka wurin dila ka gano masa sabon injin finbol da ya fito, wato akwatin wasan nan mai rufin gilas da ake zura wa kuɗi a buga ƙaramar ƙwallon ƙarfe a ciki. Ka buga sau uku, fitilu da sauti sun tafi da hankalinka, amma ƙwallo sai zurarewa take ta tsakiya. Shi ne kake tambaya: "Maigida, in ce masa ya saya, ko ya haƙura?"

Kada ka ce masa komai tukuna. Amarya ko ta buzuzu ce ɗokinta ake yi, kuma bugu uku a shagon dila ba ya nuna halin inji, ko na kirki ko na tsiya.

Da ka isa gaban inji, kafin ka taɓa maɓalli, durƙusa ka dubi ƙafafunsa. Filin da ƙwallo ke gudu a kai an zana shi ne a kan gangare na digiri 6.5, kuma a kan katakon filin ake aunawa, ba a kan gilas ba, don gilas da fili ba karkata ɗaya gare su ba. In gangaren ya gaza, ƙwallo za ta riƙa yawo kamar mai jin barci, tana sulalewa lungunan gefe. In ya yi yawa, sai ta riƙa saukowa a guje, kuma duk gadar da ka nufa, wato hanyar da ƙwallo ke hawa sama a kan fili, ta hau rabi ta dawo maka. Sannan ka aza ma'aunin ruwa irin na magina daga hagu zuwa dama. Ƙwallon nan ƙarfe ce zalla, kaurinta inci 1 da ɗan ɗoriya, nauyinta kusan giram 80, karkata kaɗan ta ishe ta sauya hanya.

Na taɓa zuwa wani shago da sanyin safiya, na tarar da mai wurin yana ta zagin sabon injin da ya saya, wai an cuce shi. Duk lokacin da ƙwallo ta fito daga ramin dama da ke tofo ta, sai ta bi tsakanin filifa biyu, wato 'yan sandunan ƙasan fili da ake buga ƙwallo da su, ta wuce, ko taɓa su ba ta yi. Na kwanta a ƙasa da tocila, sai na ga ƙafar baya ta hagu a kan bakin tayil take, sauran ukun a kan siminti. Na murza notin ƙafar zagaye huɗu, na sake aunawa, na saki ƙwallo daga ramin da hannuna sau goma. Sau goma tana sauka a kan filifa. Mutumin ya yi shiru, can ya ce a kawo min shayi. Saboda haka zurarewar da ka gani a wurin dila, ban yarda laifin injin ba ne sai an auna. Wani dilan ma da gangan yake ɗaga ƙafafun baya don layi ya riƙa tafiya.

Lahanin inji kala uku ne, kuma duk aikinmu shi ne rarrabe su. Akwai na saiti, kamar wannan, wanda sifana da sukuddireba ke maganinsa. Akwai na manhaja. Akwai kuma na zanen filin kansa.

Na manhaja kada ya ɗaga maka hankali sosai. Yanzu kamfanoni sun saba fitar da inji manhajarsa ba ta kammala ba. Da ka kunna, dubi lambar da ke fitowa a allo: in ba ta kai 1.0 ba, to da saura. Za ka ga wani mataki ba a saka shi ba, ko maki sun karkata gefe guda har kowa ya koma bugun wuri ɗaya. Ana aiko da gyara daga baya, a ɗora ta filashi ko ta intanet. Na ga injin da aka raina a watan farko, bayan shekara ya zama shi ake layi a kai. Abin da za ka bincika kawai shi ne ko wannan kamfanin ya saba ƙarasa abin da ya fara.

Zanen fili kuwa, shi ne ba ya gyaruwa. Inda aka huda katako aka kafa gada, nan za ta zauna har injin ya tsufa. A nan nake so ka ɓata lokacinka.

Ka san wannan wasan ya daɗe ana masa kallon caca. Kafin 1947, lokacin da kamfanin Gottlieb ya fito da inji na farko mai filifa, harba ƙwallo kawai kake yi ka girgiza akwati ka jira rabonka. Birnin New York ya haramta shi a 1942, bai ɗage ba sai 1976, bayan wani gwanin wasan, Roger Sharpe, ya tsaya gaban 'yan majalisar birnin ya buga, ya nuna musu cewa gwani na iya kai ƙwallo inda ya nufa. Ni har yau da wannan nake auna kowane sabon inji. In ƙwallo ta faɗi, ka tambayi kanka: ni na yi kuskure, ko injin ne ya ƙwace min? In mai wasa ya san shi ya yi ganganci, zai sake zura kuɗi don ya rama. In ya ji an yi masa fashi, zai tafi, ba zai dawo ba.

Ga yadda za ka gwada. Tare ƙwallo a kan filifa ta tsaya cik, sannan ka nufi wuri ɗaya, misali gadar hagu, sau ashirin. Kada ka kula da maki. Ka lura: in bugun ya yi daidai, tana hawa sumul, ko tana karo da bakin gadar ta dawo? In ta hau, ina take sauka? Fili mai kyau yana miƙo maka ƙwallo a kan filifa, bugu ya haifi bugu. Sai ka koma wuri na gaba, har ka zagaye filin duka. Ka kuma ga inda take nufa in ka kuskure da kaɗan. Dole akwai wurare masu haɗari, ai shi ne daɗin wasan, amma in wurin da manhaja ta tilasta maka bugawa shi ne kuma yake zurar da ƙwallo sau bakwai cikin goma, wannan ba wahala ba ce, rashin tsari ne.

Wani abu da masu bugu uku ba sa gani: filifa tana gajiya. Kwayil ne ke fizgar ta, wato naɗaɗɗiyar waya mai zama maganaɗisu in wuta ta shiga, kuma in ya ɗau zafi ƙarfinsa yana raguwa. Gadar da ka hau cikin sauƙi a minti biyar na farko, ka sake gwada ta bayan minti arba'in ana bugu ba hutu. In ba ta hawuwa, to ranar Asabar da yamma, lokacin da ya kamata injin ya yi kuɗi, rabin filin a rufe yake.

Bayan haka ka roƙi dila makulli. Kashe wuta tukuna. Cire ƙarfen gaba, zare gilas a hankali, kuma kada ka aza gefensa a kan siminti, don irin gilas ɗin nan in ya tashi fashewa tsaki-tsaki yake yi. Fitar da ƙwallaye kafin ka ɗaga fili, in ba haka ba su zubo su fasa robobi. Sannan ka kalli ƙasan da idon wanda zai gyara shi shekara biyar masu zuwa. Abin wasan nan mai motsi da ya burge ka, mota nawa ke juya shi, suwici nawa ke gaya masa inda yake? In roba ta tsinke a bayan gada, sukuru nawa za ka kwance kafin hannunka ya kai? Akwai injin da canza roba ɗaya sai ka sauke gada biyu. Wannan awa biyu ce ta rayuwarka, kuma mai shago ne zai biya. Ka dubi saman filin ma. Ƙananan lotsawar da ƙwallo ke bari a katako ba komai ba ce, kowane inji yana yi. Amma in ka ga fentin sama ya tattare ko ya ɓantare a gindin ginshiƙai alhali injin sabo ne, ka ɗauki hoto.

Kafin ka rufe, sake kunna wuta, shiga menu ka buɗe lissafin da injin ke ajiyewa da kansa. Yana rubuta wasa nawa aka buga, tsawon lokacin da ƙwallo ke yi a fili, sau nawa ta faɗi ta hagu, ta dama, ta tsakiya. Bakin dila zai iya ƙara gishiri, wannan ba ya ƙarawa. In faɗuwar hagu ta ninka ta dama, ko inji ya karkace ko ginshiƙin lungun yana son matsowa, kuma duka biyun saiti ne. A nawa ganin, wasan ƙwallo uku da ke kai wa minti uku ga mai bugu na yau da kullum ya yi daidai a wurin kasuwanci.

Sai maganar wanne za a saya. Kamfanin Stern, da masana'antarsu ke nan Elk Grove Village kusa da Shikago, suna fitar da yawancin injinansu kala uku: Pro, Premium, da Limited Edition. A 2024 na farkon kusan dala 7,000 ne, na ƙarshen kusan 13,000. Premium da Limited Edition filinsu ɗaya, bambancin ado ne da lambar da aka manna. Mutuminmu ba ɗakin ajiya zai saka shi ba, yara ne za su yi ta dukansa da hannun maiƙo. In har za a saya, ni Pro zan ce, don abin da babu shi ba ya lalacewa. Sai dai ka buga kalar da za a saya ɗin, don wani lokaci abin da aka cire daga Pro yana sauya yadda ƙwallo ke tafiya.

Kuma ka tambayi dila kayan gyara. Injin The Addams Family da kamfanin Bally ya fitar a 1992 an ƙera sama da 20,000, shi ya sa har gobe kayansa ba sa wahalar samu. Sababbin nan kuwa ƙananan fanel na lantarki ne birjik a ƙarƙashin fili, kowanne da aikinsa, kuma ba duka ake iya gyarawa da solda ba. Ka ji ko yana da su a ajiye, da kwana nawa suke ɗauka in an yi oda.

Ka kira mai gidan abincin ka ce ya ba mu mako biyu. Ranar Talata shagon dila ba cunkoso, za mu je tare da ƙarfe goma. Ka taho da ma'aunin gangare da tocila, kuma ka karya da kyau, don kai za ka yi bugun minti arba'in ɗin, ni kafaɗata ba ta yarda ba.