Tsofaffin takardun kuɗi a adakar marigayi: mu sayar ko mu ajiye?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Da muka zo rabon gadon mahaifinmu, mun tarar a cikin adakarsa da takardun fam ɗaya guda goma sha biyu, da tsohuwar 'yar Murtala, da tsohuwar naira biyar mai hoton Tafawa Ɓalewa, da riyal ɗin da ya dawo da su daga aikin Hajji, har da wata takardar Zimbabwe mai sifili da yawa. Wani ya taya su duka naira dubu talatin, ƙanena kuma ya ce ya gani a Facebook ana sayar da fam ɗaya a kan miliyoyi. Wa za mu gaskata? Daga wata mai karatu a Bauchi.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya jiƙan Baba, ya sa Aljanna ce makomarsa. Kada ki amsa wannan tayi tukuna, kada kuma ki gina buri a kan abin da ƙanenki ya gani, domin farashin da mai kaya ya rubuta a intanet ba shi ne kuɗin da aka biya ba.

Takardun Najeriya da kika lissafa sun daina aiki, babu bankin da zai karɓe su. Abin da ya rage musu shi ne darajarsu a wajen masu sha'awar tara tsofaffin kuɗi, su kuwa ba tsufa suke saye ba; ƙarancin takarda da lafiyarta suke biya wa.

Ki fara duba rubutun da ke jikin fam ɗin. Idan kin ga sunan West African Currency Board da hoton bishiyar kwakwa, to ta zamanin Turawa ce, daga hukumar da aka kafa a 1912, kuma irinta aka fi nema. Babban Bankin Najeriya ya fara fitar da nasa fam ɗin a 1959, aka sake shi a 1965 bayan ƙasar ta zama jamhuriya, aka kuma sauya shi a 1968 ana tsakiyar yaƙin basasa. Na ƙarshen nan shi ya fi yawa a adakokin gidajenmu, saboda shi ke hannun jama'a lokacin da naira ta shigo a ranar 1 ga Janairu, 1973, ana canza fam ɗaya a kan naira biyu.

'Yar Murtala ta fito a 1977, naira biyar mai hoton Tafawa Ɓalewa kuma a 1979, sannan aka sauya launinsu a 1984. A nan sa hannun gwamnan banki yake da muhimmanci. Marigayi Abdulƙadir Ahmed, ɗan Jama'are, ya riƙe Babban Bankin daga 1982 zuwa 1993, don haka takardu masu sa hannunsa suna da yawa ƙwarai, abin alfahari ne gare mu Bausawa amma ba ya ɗaga farashi.

Riyal ɗin ne na fi so ki duba da kyau. Kafin Saudiyya ta fitar da takardun kuɗinta na farko a 1961, tun 1953 take bai wa alhazai wani rasit da ke zama a madadin tsabar azurfa, mai rubutu a harsuna da dama. Idan Baba ya yi Hajji a waɗannan shekaru kuma irinsa ne a hannunki, mai yiwuwa ya fi sauran daraja. Ta Zimbabwe kuwa, idan sifilinta goma sha huɗu ne, to ita ce ta dala tiriliyan ɗari da aka fitar a farkon 2009. Tana da kasuwa, sai dai jabunta ya yi yawa, musamman masu ruwan zinari.

Kamfanin PMG na Amurka yana auna lafiyar takarda daga maki 1 zuwa 70, kuma wadda ba a taɓa naɗewa ba tana iya ninka 'yar'uwarta da ta sha hannu sau da yawa. Saboda haka kada a wanke su, kada a goge su da dutsen guga, kada a manna musu salatif ko a liƙe su cikin roba da zafi. Duk wannan yana kashe farashi, ko da sun ƙara kyau a ido. Ki shimfiɗa kowace a ambulan nata, nesa da danshi da gara.

Ki ɗauki hotonsu gaba da baya, ki nemi farashin da aka riga aka sayar da irinsu a shafukan gwanjo, ki ji ta bakin masu saye biyu ko uku, kuma kowace takarda a taya ta ita kaɗai. Duk wanda ya ce sai kin tura kuɗin rajista kafin ya haɗa ki da mai saye a Turai, ɗan damfara ne. Tunda kuwa kayan gado ne, kowane magaji yana da haƙƙi a ciki, sai ku sanar da malamin da ke yi muku rabon kafin a sayar ko wani ya riƙe su don tunawa da Baba.