Na'urori huɗu a kan tsohuwar amfilifaya ɗaya

Tambaya: Assalamu alaikum. Na gaji wata tsohuwar amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, ƙirar Pioneer SX-780 daga wurin mahaifina, kuma ina so in haɗa mata garmaho, da na'urar CD, da talabijin, da wayar hannu. Kafar Aux guda ɗaya ce a bayanta. Shin zan iya sanya CD a kafar Phono, ko kuwa in sayi igiya mai reshe biyu in haɗa su duka a kan Aux? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan mahaifi. Wannan na'ura ta 1978 tana da kafofi fiye da yadda kake zato, domin ban da Phono da Aux akwai Tape 1 da Tape 2, kuma ramukan da aka rubuta Play a ƙarƙashinsu suna karɓar sauti daidai da yadda Aux ke karɓa. Saboda haka sai ka sa CD a Aux, talabijin a Tape 1, wayar hannu a Tape 2, ka kuma bar Phono ga garmaho. Ka kula kada ka sa su a ramukan Rec, domin waɗannan fitar da sauti suke yi zuwa rakoda. Idan za ka saurari abin da ke kan Tape sai ka kunna maɓallin Tape Monitor, kuma ka tuna ka kashe shi daga baya, don mutane da yawa sun kai lafiyayyar na'ura wurin mai gyara suna cewa rediyonta ya mutu, alhali wannan maɓalli ne aka bari a kunne.

Game da Phono kuwa, kada ka sa mata komai sai garmaho. Allurar garmaho tana fitar da lantarki ƙanƙani, wajen milivolt 3 zuwa 5, yayin da na'urar CD ke iya fitar da volt 2, wato ninki ɗaruruwa. An gina kafar ne don ta ƙarfafa wannan raunin, sannan ta gyara sautin bisa tsarin RIAA na 1954, wato ƙa'idar da kamfanonin faifai ke bi wajen yanka sauti, inda take ɗaga kaurin murya ta rage kaifinta, saboda a kan faifai akasin haka aka yanka shi. Idan CD ta shiga nan, abin da za ka ji shi ne ƙara mai kauri da ta dagule, kuma tana iya lalata lasifika idan an ƙure murya. Ka kuma ɗaure siririyar wayar garmahon a kan kusar da aka rubuta GND, in ba haka ba za ka yi ta jin gurnani.

Igiya mai reshe biyu ba na ba da shawararta ko kaɗan. An yi ta ne don raba sauti ɗaya zuwa wurare biyu, kuma idan aka haɗa na'urori biyu da ita, kowacce za ta riƙa tura lantarki cikin 'yar'uwarta, sautin ya raunana, wani lokacin ma ɗaya ta samu matsala. Ranar da kafofin suka kasa maka, ka nemi ƙaramin akwatin zaɓi mai ramuka ja da fari uku ko huɗu, wanda ba ya ma buƙatar wuta, ka jona shi a Aux.

Talabijin na zamani galibi ba su da ramukan ja da fari na fitar da sauti, sai kafar haske (Optical). Za ka buƙaci ƙaramar na'urar DAC, mai mayar da sautin dijital zuwa irin wanda amfilifaya ke karɓa, a tsakani, sannan ka shiga saitin talabijin ka zaɓi tsarin sauti na PCM, don yawancin DAC masu arha ba sa karanta tsarin Dolby. Wayar hannu kuma igiya mai kan iyafis a gefe ɗaya da ja da fari a ɗaya gefen ta ishe ta, ko ƙaramar na'urar Bluetooth.

Kafin ka jona amfilifayar da wuta, ka karanta rubutun da ke bayanta. Waɗanda aka ƙera don Amurka volt 120 suke ɗauka, wutar Najeriya kuwa 230 ce, don haka irin wannan sai da taransifoma mai rage wuta. A duk lokacin da za ka cire igiya ko ka sa wata, ka kashe na'urar tukuna.