Injin yankan ciyawa: ɗan Chana ko tokumbo?

Wani mai shagon kayan masarufi a Kubwa ya aiko da wannan tambaya: "Malam, na tara ɗan kuɗi ina so in saya wa ƙanena injin yankan ciyawa mai shan fetur, irin wanda ake ratayawa a kafaɗa, ya riƙa bin gidaje a Gwarimpa da Dawaki muna raba abin da aka samu. An nuna mini ɗan Chana sabo fil mai 52cc, da kuma Stihl tokumbo wanda ya fi shi tsada. Wanne zan ɗauka, kuma sana'ar tana ci?"

Alhaji, Allah ya sa albarka a wannan niyya. Sana'ar tana ci, amma cin damina take yi. A Abuja ruwa kan fara sauka wajen Afrilu ya ɗauke a Oktoba, kuma daga Yuli zuwa Satumba ciyawar da aka yanke yau kafin mako biyu ta sake miƙewa. Da hunturu ya shigo kuwa, sai gidajen da ake yi wa ban ruwa a Maitama da Asokoro, su ma galibi da mai lambunsu. Don haka ka yi lissafinka a kan wata shida ko bakwai, ka kuma fara tunanin abin da yaron zai yi da rani tun yanzu.

Batun inji, ni ba na fara tambayar wanne ya fi ƙarfi. Ina tambaya ne: ranar da ya ƙi tashi, wa zai gyara shi, kuma a ina za a samo kayansa? Stihl na Jamus ne, ingancinsa ba abin musu ba ne. Sai dai tokumbo ba ka san wahalar da ya sha ba, kayan gyaransa na da tsada, kuma akwai na jabu da aka manna wa suna kawai. Idan zuciyarka ta nace a kansa, je da bakanike. Ya ja igiyar tayarwa ya ji ko tana da tauri, ya kwance salansa ya leƙa fistin. In ya ga zane a jikin fistin ɗin, ku yi sallama da mai kaya.

'Yan Chana masu 43cc da 52cc (cc ma'aunin girman inji ne) kuwa, sunayensu daban-daban amma cikinsu kusan ɗaya ne, kabureta da koyil da fulogin wannan sukan shiga wancan, kuma mai gyaran ƙaramin janareta na bakin layinku zai iya buɗe shi. An ce araha ba ta ado, gaskiya ne, ba zai yi ƙarkon na Jamus ba. Amma a daminar farko, lokacin da ƙanenka ke koyon aiki, gara kuskurensa ya faɗa kan injin da gyaransa ba zai girgiza jarin shago ba. Ni da ni ne, mai 43cc zan ɗauka. Ya isa ciyawar tsakar gida da gefen katanga, ya fi sauƙi a kafaɗa, bai kai mai 52cc shan mai ba. Babban sai in filayen da ba a gina ba zai riƙa sharewa. Ka tabbata sandarsa miƙaƙƙiya ce, hannunsa biyu kamar na keke, da maratayi, kuma an haɗo maka da kan igiyar roba da faifan ƙarfe, waɗanda su ne ke yanke ciyawar. A tayar da shi a gabanka kafin ka ƙirga kuɗi. Idan aiki ya kankama, inji na biyu ka nemi mai Honda GX35, wanda ba a gauraya masa mai kuma ƙararsa ba ta kai ta waɗannan ba.

Kuskure a gaurayen man nan shi ne abin da ke kashe yawancin injinan, ba ƙasar da ta ƙera su ba. Injin nan irin ƙaramin janaretan Tiger ne, ba shi da wurin zuba baƙin mai, man da aka haɗa da fetur shi kaɗai ke shafe fistin. Zallan fetur ya shiga, cikin 'yan mintoci inji ya ƙone. Ka duba abin da aka rubuta a takardarsa ko a murfin tanki. Da yawa daga 'yan Chana 25:1 suke so, wato mililita 40 na man 2T, man da ake haɗawa da fetur ɗin, a litar fetur ɗaya. Stihl 50:1 ne, mililita 20 a lita. Ka sayi sirinji a kemis don awo, a haɗa a jarka daban a girgiza, ba a cikin tanki ba. Na taɓa ganin injin da bai yi wata ba ya mutu, don yaron da ke riƙe da shi yana zuba masa baƙin man da aka juye daga mota, wai yana tattali. Haɗin da ya wuce wata guda a ajiye ma kada a yi amfani da shi, yana toshe kabureta.

Igiyar roba mai kaurin milimita 2.4 ko 2.7 ta wadatar. In ta bushe tana yawan tsinkewa, a jiƙa ta a ruwa ta kwana.

Sai kuɗi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, fetur ne babban abin da zai ci ribarku, don haka kada yaron ya yanke farashi da ido. Makon farko ya cika tanki, ya lura da faɗin wurin da ya yanke kafin ya ƙare. Daga nan ya san kuɗin mai na kowane gida, ya ɗora na igiya, na abin hawa, da ladan ƙarfinsa. Kuma yarjejeniyar wata ta fi aikin kira sau ɗaya: gida biyar da za a riƙa zuwa duk mako biyu sun fi yawon neman aiki da inji a kafaɗa. Masu gadi da masu kula da rukunin gidaje su ne ƙofa, makarantu da masallatai ma kada a raina su.

Rabon da ka ambata, kada ku raba kuɗin da ya shigo kai tsaye. A fitar da abin da aka kashe, a ware kason inji na gyara da sayen wani, sannan a raba saura. Ku rubuta a littafi ko da uwa ɗaya uba ɗaya kuke, don zumunci ya fi lalacewa a kan abin da ba a faɗa ba tun farko.

Akwai asarar da masu farawa ba sa sakawa a lissafi. Kan injin nan yana cilla tsakuwa da ƙarfin gaske, kuma gilashin mota ɗaya a Gwarimpa zai iya cinye ribar wata. Masu ƙera shi sun ce mutane su ba da tazarar mita 15. Kafin ya tayar, ya zagaya ya tsince duwatsu da kwalabe, ya roƙi a janye mota, a shigar da yara ciki. Murfin kariyar da ke saman kan kada ya cire shi, ko da ya ga wasu suna cirewa. Tabarau, takalmi sau-ciki, dogon wando da abin toshe kunne, ka saka kuɗinsu cikin kuɗin inji ranar saye, don in ka bari sai daga baya ba za a saya ba.

In ruwa ya ɗauke, a juye man tanki, a bar injin yana aiki har ya mutu da kansa, a wanke matatar iska, a rufe shi daga ƙurar hunturu har Afrilu.