Amsa: maɓallin konsatina da ya yi shiru

Malam, ka ce tsohuwar konsatinarka (ƙaramin kayan kiɗa mai zugazugi a tsakiya da maɓallai a gefe biyu) ƙirar kamfanin Lachenal na Landan tana da maɓalli ɗaya da ya daina fitar da sauti, wani kuma yana kaɗawa. Kada ka taɓa ta da magagari tukuna, don Allah.

Kwance kusoshi shida na gefen, ka jera su yadda ka cire su, kowace ta koma raminta. A ciki za ka ga faranti na katako ɗauke da ƙananan harsunan ƙarfe masu fitar da sauti. Yawanci ƙura ce ko ɗan zare ke maƙale harshen. Zura siririyar takarda a ƙarƙashinsa a hankali, ka ɗan ɗaga shi, sai ya saki.

Mai kaɗawar kuwa, ina zargin bushewar iska. Katakon da aka sassaƙa don damshin Ingila yana tsukewa a hunturu, sai mazaunin harshen ya yi sako-sako a gurbinsa. Ɗan yankin takarda a gefe zai matse shi. Duba kuma 'yar fatar da ke rufe ramin iska kusa da harshen. In ta nannaɗe, canza ta.

Gyaran murya aikin gwani ne. Kankare bakin harshe yana ɗaga sautin, kankare gindinsa yana saukar da shi, kuma abin da ka kankare ba ya dawowa.