Me ya haɗa jarrabawa da kek?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a Garwa, ina shirin probatoire, jarrabawar sakandare a Kamaru. Malaminmu na Ingilishi, mutumin Bamenda, ya ce mana jarrabawar "a piece of cake" ce. Na duba ƙamus kalma bayan kalma, sai na ga yankin kek. Ina ma'anar take?

Amsa: 'Yata, malaminku cewa yake jarrabawar ba ta da wuya, kamar shan ruwa. Irin wannan magana dunƙule ake haɗiye ta, ba a ɓare ta. Ke ma kullum kina yi. In kin ce wance tana da farin jini, wa ya taɓa tsaga jikinta ya duba? Kuma ba ki isa ki ce "jan jini" ba, ko da shi ne ainihin launinsa. Ingilishi ma haka: ki sauya kalma ɗaya, maganar ta lalace.

Inda ɗalibanmu na arewacin Kamaru suka fi tuntuɓe shi ne bi ta Faransanci. Bafaranshe in ruwa ya kece sai ya ce "il pleut des cordes", wato igiyoyi ke zuba. Bature na Ingila ya ce "raining cats and dogs", kyanwoyi da karnuka. Mu kuwa, ruwa kamar da bakin ƙwarya. Fassarar igiyoyin nan zuwa Ingilishi ba za ta kai ki ko'ina ba. Gara ki buɗe littafi, duk wadda kika tsinta ki rubuta ta tare da jimlar da kika ji ta a ciki, gefe kuma 'yar'uwarta ta Hausa. "Cost an arm and a leg", ɗan karen tsada ke nan.

Abin da ya fi damuna nauyin magana ne. "Kick the bucket" na nufin mutuwa, amma daidai take da "ya sheƙa barzahu". Na taɓa ganin yaro ya rubuta ta a wasiƙar ta'aziyya, sai da na dafe kai. A wurin makoki "passed away" ake cewa, kamar "ya riga mu gidan gaskiya".

Ƙamus kuma bai yi miki ƙarya ba, wurin dubawa kika kuskure. Ki koma kan "piece" ko "cake" a ƙamusun ɗalibai irin na Oxford, ki gangara har ƙarshen bayanin, can ake jera su. In kin ga an rubuta "informal" a gefe, ki ajiye ta don hira da ƙawaye, kada ta shiga takardar jarrabawa.